Yadda ma'aikata take tace abin da ta sani

Ɗalibin da ya shiga karatun lisansi a fannin gudanar da kasuwanci, ko a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko a wata makaranta mai zaman kanta, yakan daɗe yana fama da lissafin kuɗi da dokar kasuwanci da tattalin arziki kafin a kawo masa darasin tsarin ma'aikatu, wanda ɗalibai da yawa suke ɗauka a matsayin hadda da za a mayar wa malami ranar jarrabawa a wuce. Wannan asara ce babba a ganina, domin a cikin darasin ne ake ɗaga tambayar da za ta bi mutum har ƙarshen aikinsa: ta yaya kamfani ko ofishin gwamnati ko ƙungiya take sanin abin da ta sani, kuma me ya sa sau da yawa take jahiltar abin da mutanen cikinta suka daɗe da sani? Abin da masana fannin suka gano shi ne, sanin ma'aikata bai kai jimillar sanin mutanenta ba. Ma'aikata kamar rariya take, akwai abin da take bari ya wuce zuwa wurin yanke shawara, akwai kuma abin da take tsayarwa, kuma girman ƙofofin rariyar mutane ne suka zaɓe shi, ko da gangan ko ba da gangan ba.

Mafarin zancen shi ne bambancin da Michael Polanyi ya fito da shi a 1966, inda ya nuna cewa sanin ɗan Adam ya fi abin da bakinsa zai iya faɗa. Akwai ilimin da ake iya rubutawa a miƙa wa wani, kamar farashin tiyar gero ko ƙa'idar biyan haraji. Akwai kuma ilimin da yake zaune a hannu da ido da hanci. Ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Dole yakan tsoma hannu cikin buhu, ya murza ƙwaya, ya sansana, ya gaya maka ko geron bana ne ko na bara, da ko ya sha danshi a rumbu, amma idan ka ce ya rubuta maka ƙa'idar da ya bi, zai ba ka kalmomi kaɗan waɗanda ba za su mai da kai irinsa ba. Haka majemi yake gane fatar da ta jiƙu daidai tun kafin ya ɗaga ta. Yawancin dukiyar ilimin da ke cikin kowace ma'aikata irin wannan na biyun ne, kuma kusan duk tarihin ilimin gudanarwa tarihi ne na ƙoƙarin da masu mulkin aiki suka yi su san yadda za su yi da shi.

Amsa ta farko mai ƙarfi ta fito daga Amurka. Frederick Taylor, wanda ya wallafa ra'ayinsa a 1911, ya ɗauka cewa aikin shugaba shi ne ya tattaro ilimin da ke kawunan leburori, ya auna shi da agogo, ya mai da shi ƙa'ida rubutacciya, sannan ya mayar musu da shi a matsayin umarni. A masana'antar ƙarfe ta Bethlehem ya yi ta gwaji har ya tsayar da cewa nauyin da ya fi dacewa shebur ya ɗauka shi ne kimanin kilo 9 da rabi, aka kuma ƙera shebur iri-iri gwargwadon abin da za a kwasa. Aiki ya ƙaru, wannan ba a musunsa. Amma abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne inda ilimin ya koma: ya tashi daga hannun mai shebur ya koma ofishin tsare-tsare, kuma daga ranar aka raba mutane gida biyu, masu tunani da masu aiwatarwa. Duk ma'aikatar da ka shiga a yau ka tarar ƙaramin ma'aikaci yana cewa shi dai abin da aka ce ya yi zai yi, alhali yana ganin inda abin zai ɓaci, to gadon wannan rabon kake gani.

Japanawa sun ɗauki wata hanya. Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, a nazarinsu na 1995, sun kawo labarin kamfanin Matsushita, wanda ake kira Panasonic a yanzu. A 1985 injiniyoyin kamfanin suna ƙoƙarin ƙera na'urar gasa burodi a gida, amma sai ɓawon burodin ya ƙone cikinsa bai dahu ba, kuma duk awon da suka yi wa kwaɓin bai nuna musu dalili ba. Wata ma'aikaciya mai rubuta manhaja, Ikuko Tanaka, ta je ta zama almajirar babban mai gasa burodi na wani otel a Osaka. Shi kansa bai iya bayyana sirrinsa ba, sai da ta daɗe tana kwaɓawa a gefensa ta lura cewa yana miƙa kwaɓin yana murɗa shi a lokaci guda. Ta kai wa injiniyoyi wannan bayani, suka sake fasalin cikin na'urar, ta fito kasuwa a 1987. Daga irin wannan ne suka tsara zagayensu mai mataki huɗu: a koya ta zama tare, a furta abin da aka koya, a haɗa shi da sauran rubutaccen ilimi, sannan ya sake komawa hannun mutane ya zama gwaninta. Ɗalibai sukan haddace matakan huɗu su manta da sharaɗin da ya sa suka yiwu, wato kamfanin ya yarda ya saki ma'aikaciyarsa ta tafi ta zauna ƙarƙashin mai gasa burodi, ya kuma ɗauki abin da ta dawo da shi a matsayin ilimi.

Ba sai mun je Japan ba kafin mu ga tsarin wurin aiki yana tsara abin da mutum zai sani. Jean Lave ta yi bincike a shekarun 1970 cikin teloli ƴan ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya ta Laberiya, ta tarar almajirin tela yana koyon sana'ar daga ƙarshe zuwa farko: yana fara da ɗinka maɓalli da kalmasa bakin tufa, daga baya a ba shi keke ya haɗa, sai can a ƙarshe a miƙa masa almakashi ya yanka. Hikimar a fili take, domin kuskuren maɓalli ana gyara shi da sauƙi, kuskuren yanka kuwa yana cinye yadin mutane, sannan wanda ya daɗe yana riƙe ƙammalalliyar riga ya san abin da yankan yake nufi tun kafin ya yi shi. Ita da Etienne Wenger sun gina ra'ayinsu na 1991 a kan irin wannan, cewa mutum yana koyo ne ta hanyar shiga cikin masu sana'a, daga gefe zuwa tsakiya. Duk wanda ya zauna a rumfar baduku a Birni ko garejin makaniki a Zango ya san wannan tsari, kuma ina ganin abin takaici ne a ce ɗalibinmu ya karanta shi a littafin da aka rubuta a Turai ba tare da an ce masa ya leƙa rumfar da ke bayan gidansu ba.

Sai dai babbar hanyar da ma'aikata take tace ilimi ita ce takardar cikewa da jadawalin lissafi. Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya nuna cewa hankalin mai yanke shawara yana da iyaka, ba zai iya duba komai ba, saboda haka ma'aikata ce take zaɓar masa abin da zai duba. Ɗalibinmu yana koyon lissafi bisa tsarin SYSCOHADA, wanda ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, suke bi, har da Nijar, kuma sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018. Tsarin yana da amfani ƙwarai, domin shi ya sa banki a Yamai zai iya karanta lissafin kamfani na Kotonu. Amma a cikinsa akwai gurbin mota da gurbin kayan sito da gurbin bashi, babu gurbin direban da ya san hanyar Agadas da wanda za a kira idan mota ta mutu a daji. Ranar da aka sallami direban, takarda za ta nuna an rage kashe kuɗi. Abin da ba shi da gurbi a takarda ba ya hawa teburin shugaba, kuma abin da bai hau teburin ba ana yanke shawara kamar babu shi.

Misalin da ya fi kowane nauyi a wurina ya faru ne a gonakinmu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun zuba kuɗi da yawa a dashen itatuwa, kuma ma'aunin nasararsu shi ne yawan shukar da aka raina a lambu da yawan wadda aka dasa. Da yawa daga cikin abin da aka dasa bai rayu ba. A lokaci guda kuma manoman Magarya da Matamai da Mirriya suna yin wani abu dabam: idan sun zo sassabe sai su bar tohon da ya fito da kansa daga tsohon kututture ko daga ƙwayar da dabbobi suka yar, su rage masa rassa, su kare shi har ya zama itace, kuma mafi yawansa gawo ne, wanda manomi ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A Maraɗi ma Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya fara yaɗa irin wannan dabara tun 1983. Shekara da shekaru abin yana faɗaɗa, amma rahotanni suna ci gaba da maganar hamada tana cinye ƙasa, domin takardar rahoton tana tambayar itace nawa aka dasa, su kuwa waɗannan itatuwa ba wanda ya dasa su.

Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka taka ƙasa suka kuma gwada tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, aka fahimci girman abin: an ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Miliyoyin mutane sun san da waɗannan itatuwa, suna zama a inuwarsu, suna ciyar da awakinsu da ƴaƴan gawo, amma hukumomin da aka kafa domin itatuwa ba su san da su ba a rubuce. Akwai kuma wani dalili na biyu da ya shafi tsari: muddin doka ta ɗauki itacen gona a matsayin na gwamnati, kuma ma'aikacin gandun daji yana cin tarar wanda ya sare reshe, manomi ba shi da wata riba a nuna wa hukuma abin da yake rainowa. Sauyin da aka samu a wannan fanni, har zuwa dokar gandun daji ta 2004, ya taimaka wajen sa manomi ya ji itacen nasa ne. Ma'aunin nasara da tsoron tara, su biyun ne suka yanke abin da hukuma za ta sani, ba ƙarancin hankalin wani mutum guda ba.

Bayan takarda sai matakan shugabanci. Labari mai daɗi yana hawa sama da sauri, marar daɗi kuwa kowane mataki yana rage masa kaifi. Misalin da ake koyarwa a kusan kowace makarantar kasuwanci shi ne kumbon Challenger na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa ranar 28 ga Janairun 1986, mutum 7 suka mutu. A daren jajibiri, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar kada a harba, domin zoben robar da ke toshe mahaɗar roka yana ƙagewa cikin sanyi. Shugabannin kamfanin suka keɓe suka sauya shawarar, kuma manyan da ke da ikon ƙarshe ba su ji girman gardamar da aka yi ba. Diane Vaughan, a bincikenta na 1996, ta nuna abin da ya fi ban tsoro: an sha ganin lalacewar zoben a tafiye-tafiyen baya, amma tun da kumbon yana dawowa lafiya, sai kowane karo aka riƙa karɓar lahanin a matsayin abin da aka saba, har iyakar haɗarin ta yi ta matsawa ba wanda ya ji ya karya wata ƙa'ida.

A wurinmu wannan matsala tana da tata siffa, kuma dole a faɗe ta da adalci. An raine mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma a sha'anin rayuwa maganar tana da gaskiya mai yawa. Amma a cikin sito ko wurin karɓar kuɗi ko gaban na'ura, yaron ne yake tsaye a inda abin yake faruwa, babban kuwa yana ofis. Idan kunya da girmamawa suka hana yaron cewa "Ranka ya daɗe, akwai matsala," ko kuma ya taɓa faɗa aka ci masa fuska a gaban jama'a, to an koya wa kowa darasin yin shiru. Kamfanin Toyota ya magance wannan da tsari, bai jira jarumtar mutum ba: ya rataya igiya a layin haɗa mota wadda kowane ma'aikaci yake da ikon ja idan ya ga lahani, shugaban rukuni ya zo nan take, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Ba na cewa mu zubar da ladabinmu. Muna da namu hanyoyin, domin a fada ma akwai waɗanda al'ada ta ba su damar gaya wa sarki abin da wasu ba za su iya ba. Abin da ake bukata shi ne shugaba ya buɗe ƙofa sananniya wadda ƙarami zai bi da labari marar daɗi ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba.

Harshe ma ƙofa ce. Ana ciniki da Hausa, ana rubuta rahoto da Faransanci, kuma wanda ya fi sanin aikin sau da yawa ba shi ne ya fi iya harshen rahoton ba, saboda haka iliminsa sai ya bi ta bakin wani kafin ya isa. A matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, Nijar tana da 40, kuma a wuri irin wannan harsuna uku ne suke haɗuwa. Ana iya rubuta miƙa fasaha a yarjejeniya, amma gwanintar gane matsalar na'ura daga sautinta tana wucewa ne kawai idan mutane sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa suna fahimtar juna. Matsayin harshen ƙasa da aka ba Hausa a 2025 zai taɓa wannan fanni ne a ranar da ma'aikatu suka fara karɓar rahoton da aka rubuta da ita.

Kada a ɗauka ina kushe rubutu. Kasuwancin da ya dogara da ƙwaƙwalwar maigida shi kaɗai yana da nasa rauni mai tsanani, kuma mun sha ganin gidan arziki ya watse cikin ƴan shekaru bayan rasuwar mai shi, domin shi kaɗai ya san wanda ake bi da wanda yake bi, da wanda za a ba kaya bashi a Kano a kwana lafiya. Haka furoje yakan ƙare, ma'aikatansa su watse, wani sabo ya zo ƙauyen ya sake binciken da aka riga aka yi. Tambayar ita ce yadda za a tsara ajiyar ilimi ta dace da mutanen. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun samo amsa mai kyau ga matan da ba su yi boko ba: duk zubi da rance ana yin su a gaban kowa, ana faɗa da baki, akwatin kuma makullansa suna hannun mata dabam-dabam, don haka lissafin yana cikin kawuna da yawa, ba mace ɗaya da za ta iya sauya shi. Kamfanin Xerox ya gano irin wannan ta wata fuska, lokacin da Julian Orr ya bi masu gyaran na'urorin kwafi ya tarar hirar da suke yi wurin cin abinci ta fi littafin umarni warware musu matsala. Da kamfanin ya kafa rumbun bayanai na kwamfuta mai suna Eureka domin su riƙa zuba dabarunsu, masu gyaran sun fi son a manna sunan mutum a kan dabararsa fiye da a biya shi kuɗi. Mutum yakan ɓoye saninsa idan ya ga bayar da shi zai rage masa daraja, ya kuma sake shi idan ya ga zai ƙara masa suna.

Inda duk wannan ya kamata ya bayyana a karatun lisansi shi ne lokacin sitaj, wato zaman koyon aiki da ɗalibi yake yi a wata ma'aikata. A yanzu rahoton da ɗalibi yake kawowa yakan ƙunshi tarihin kafa ma'aikatar da zanen matakan shugabanni da jerin ayyukan kowane sashe, wato hoton da ma'aikatar take so a gan ta da shi. Zai fi amfani malami ya ce masa ya ɗauki labari guda ɗaya, kamar ƙorafin wani mai sayen kaya ko ƙarancin da aka gani a sito ko ƙarar da direba ya ji a injin, ya bi sawunsa daga bakin wanda ya fara sani har zuwa teburin darakta. Ya rubuta da wane harshe aka fara faɗarsa, a wace takarda ya shiga ko ya kasa shiga, kwana nawa ya yi a kowane mataki, wa ya rage shi ko ya ƙara masa, da kuma abin da wannan mutumin yake tsoro ko yake fatan samu lokacin da ya yi haka.